Ruwa Na Ƙasa: Ajiyar Ubangiji, Amanar Maƙwabta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyarwa, Mai shayarwa, Wanda taskokinSa ba su ƙarewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan ruwa ne, watau ruwan nan da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙafafunmu, wanda ba mu ganinsa sai in guga ya fito da shi.

Dalilin ɗauko wannan magana kuwa shi ne, a bazarar da ta wuce na kai ziyara wani ƙauye da ke tsakanin Bichi da Dambatta, na tarar da jama'a a ƙofar masallaci bayan La'asar ana ta ka-ce-na-ce. Rijiyar unguwa, wadda kakanninsu suka haƙa, mai zurfin gaba 12, ta ƙafe, sai laka guga ke kwasowa. A bayan katangar da ke kusa da ita kuwa wani mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa mata inji, yana sayar wa 'yan ga-ruwa dare da rana. Jama'a na cewa shi ya shanye musu rijiya. Shi kuwa yana cewa fili nasa ne, kuɗi nasa ne, ina haɗin bututunsa da raminsu?

Can sai wani dattijo, tsohon mahaƙin rijiya, ya dube ni ya ce, "Malam, shekara arba'in na yi ina shiga rami, ban taɓa cin karo da iyakar gona a ƙarƙashin ƙasa ba. Gamba da lalle da muke dasawa a kan iyaka a sama suke tsayawa. Ruwa in zai wuce ba ya yi musu sallama."

Na ce, "Baba, ka faɗi a taƙaice abin da malamai suka cika littattafai da shi."

Wannan magana ta dattijo ita ce za mu bi diddiginta yau, a Littafin Allah, da binciken masana, da hukuncin shari'a.

Abin Da Alƙur'ani Ya Karantar Da Mu

Alƙur'ani mai girma ya ambaci ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurare da dama. A Suratul Muminun, aya ta 18, Allah Ya sanar da mu abu uku a jere: ruwan da ke sauka daga sama bisa gwargwado yake sauka, Shi ne Ya ba shi mazauni a cikin ƙasa, kuma Yana da cikakken ikon ɗauke shi. A Suratuz Zumar, aya ta 21, an jawo hankalinmu ga yadda ruwan sama ke kutsawa cikin ƙasa ya bi hanyoyi ya zama maɓuɓɓugai, amfanin gona iri-iri ya tsiro da shi. A Suratul Kahfi an ba mu labarin mai gonaki biyu da ya yi alfahari da dukiyarsa, abokinsa ya gargaɗe shi cewa ruwan gonar na iya nutsewa inda ba zai iya kai wa gare shi ba. Sa'an nan aka rufe Suratul Mulki da tambayar da ya kamata kowane mai rijiya ya riƙa yi wa kansa, a kan wanda zai kawo mana ruwa in namu ya yi ƙasa ya ɓace.

To, in ka haɗa waɗannan ayoyi, ya kai mai karatu, za ka fito da darussa uku. Ruwan ƙasa daga sama asalinsa yake. Yana da iyaka, ba teku ba ne marar ƙarewa. Kuma ba a zaune yake wuri ɗaya ba, tafiya yake yi.

A nan ya kamata mu yi hattara. Alƙur'ani littafin shiriya ne, ba ya bukatar wani mai bincike ya gaskata shi, kuma bai dace a riƙa lanƙwasa ayoyi don su yi daidai da kowane sabon labari ba. Amma shi kansa Alƙur'anin ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa, mu duba, mu yi tunani. Saboda haka bari mu yi tafiya mai nisa, zuwa ƙurewar kudancin duniya, mu ga abin da aka gano can, domin zai taimake mu fahimtar abin da ke ƙarƙashin gonakinmu.

Tafkunan Da Ke Ƙarƙashin Ƙanƙara

A can ƙarshen duniya ta kudu akwai wata nahiya da ake kira Antatika. Girmanta ya yi kamar Nijeriya 15 a haɗe. Ba gona, ba itace, ba gari, sai sansanonin masu bincike. Kusan dukkanta a lulluɓe take da ƙanƙara, ba irin wadda kan zubo mana da damina ta narke nan take ba, a'a, dusar ƙanƙara ce da ta yi dubban ɗaruruwan shekaru tana sauka, wata kan wata, har ta daskare ta zama kamar dutse. Kaurinta a tsaka-tsaki ya kai kilomita 2, a wasu wurare ya wuce kilomita 4 da rabi. A sansanin Rashawa mai suna Bostok, wanda aka kafa a 1957, an auna sanyin da ya kai digiri 89 ƙasa da sifiri a watan Yuli na 1983. Sanyin hunturunmu da ke hana yara zuwa makarantar asuba wasa ne a kansa.

Wa zai yi zaton akwai ruwa mai gudu a irin wannan wuri? Amma tun a farkon shekarun 1970 masana daga Ingila da Amurka da Denmak suka riƙa shawagi da jirgin sama a kan nahiyar, suna aika saƙon rediyo ya ratsa ƙanƙarar ya dawo musu. A mafi yawan wurare amsar kan dawo a hargitse, alamar duwatsu ne a ƙasa. A wasu wurare kuwa sai ta dawo sumul, shimfiɗe kamar faranti, alamar ruwa ke nan. A 1996 masanan Rasha da na Ingila suka tabbatar, da taimakon awon tauraron ɗan Adam, cewa daidai ƙarƙashin sansanin Bostok akwai wani ƙaton tafki. Tsawonsa kimanin kilomita 250, watau ya ɗara tafiyar Kano zuwa Kaduna. Faɗinsa kimanin kilomita 50, kusan tafiyar Kano zuwa Dambatta. Zurfinsa a wasu sassa ya kai ɗaruruwan mitoci. Masana sun ƙiyasta ya yi miliyoyin shekaru bai ga hasken rana ba.

Me ya hana shi daskarewa? Sababi uku ne Allah Ya haɗa. Na farko, cikin ƙasa akwai ɗumi da ke tasowa a hankali ba dare ba rana. Na biyu, ita kanta ƙanƙarar bargo ce, tana tsare wannan ɗumi daga sanyin da ke sama. Na uku, nauyin da ke danne da ruwan yana sa ba ya daskarewa ko da sanyinsa ya kai wajen digiri 3 ƙasa da sifiri. Dubi ikon Allah: abin da ya binne ruwan, shi ne kuma ya tsare shi.

Mu Hausawa in muna so mu kwatanta rami marar iyaka sai mu ce rijiya gaba dubu. To, Rashawa sun haƙa wadda ta ninka haka. Bayan shekaru masu yawa suna huda ƙanƙara, ran 5 ga Fabrairu 2012, bututunsu ya taɓa ruwan tafkin a zurfin mita 3,769, watau wajen gaba 2,000. A ƙidayar da aka buga a 2022 an lissafa irin waɗannan tafkuna 773 a duniya, 675 daga cikinsu a Antatika, sauran a Girinlan da wasu wurare, kuma ana ci gaba da gano sababbi.

Amma abin da ya fi dacewa da darasinmu shi ne wannan. Da farko an ɗauka kowane tafki a kulle yake shi kaɗai, kamar ruwa a randa. Sai a 2006 wasu masanan Ingila suka bayyana abin da tauraron ɗan Adam ya auna tsakanin 1996 da 1998: a wani yanki na gabashin nahiyar, fuskar ƙanƙara ta lotsa da kimanin mita 3, alhali kuwa a wani wuri mai nisan kilomita 290 ta kumbura da kimanin mita 1. Ma'ana, wani tafki ya fashe a ƙarƙashi, ruwansa ya yi wata 16 yana kwarara ta hanyoyin da ido bai taɓa gani ba, ya je ya cika wasu tafkunan. Ashe akwai ƙoramu da magudanai a cikin wannan duhu. Abin da ya ragu a nan, shi ne ya ƙaru a can. Daɗin daɗawa, a 2022 aka gano cewa ƙarƙashin wani sashe na yammacin nahiyar, ƙasar da ke ƙarƙashin ƙanƙarar ma a jiƙe take da ruwa har zurfin da ya wuce kilomita guda, kamar dai yadda tamu take.

Kada mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. Ruwan nan na ƙarƙashi shi ke sa ƙanƙara santsi ta riƙa zamewa zuwa teku, kuma masana sun ƙiyasta da a ce ƙanƙarar Antatika za ta narke duka, da tekun duniya ya ƙaru da wajen mita 58. Ko kaɗan daga cikin wannan ya isa ya tayar da hankalin Ikko da Fatakwal. Har wa yau, daga cikin dukkan ruwan duniya, wanda ba na gishiri ba bai kai kashi 3 cikin 100 ba. A cikin wannan ɗan kaɗan ɗin, sama da kashi biyu cikin uku a daskare yake, kusan kashi ɗaya cikin uku yana ƙarƙashin ƙasa, abin da ke koguna da tafkuna kuwa ɗan ƙyas ne. Watau mafi yawan ruwan daɗi da Allah Ya halitta a ɓoye Ya ajiye shi.

Mu Dawo Gida

To, mu baro ƙasar sanyi mu dawo ƙasar gero da dawa. Yankin nan na arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi, Makoɗa, Dambatta, Kunci da Tsanyawa, yana cikin karkarar da ta fi kowace cikar jama'a a wannan sashe na Afirka. Gona na jingine da gona, ba saura, ba daji, kowace shekara ana nomawa. Damina kuwa wata huɗu ce ko biyar. Sauran watanni bakwai ko takwas, mutum da dabba da shukar rani duk a kan ajiyar ƙasa suke rayuwa. Ba banza ba sunayen unguwanninmu suka cika da ambaton rijiya: Rijiyar Zaki, Rijiyar Lemo, Rijiya Biyu, Rijiya Huɗu. Ko tarihin Daura ma a bakin rijiyar Kusugu ya ɗauro.

Yaya wannan ajiya take? Mutane da yawa na zaton akwai wani kogi ko tafki a buɗe a ƙarƙashinmu. Ba haka ba ne. Ka tuna yadda yara kan tona yashin rafi da rani, su ɗan jira, ruwa ya tsattsafo ya taru. To, haka abin yake. Ruwan damina kan tsotse cikin ƙasa a hankali, ya sauka ya cika 'yan ƙofofin da ke tsakanin yashi da tsakuwa da ruɓaɓɓen dutse. A mafi yawan ƙasar Kano, in aka ci gaba da haƙa sai a tarar da tsohon dutse mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa sai ta tsagoginsa. Saboda haka ajiyarmu ba ta da kauri sosai: ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin na ƙasa, shi ke nan. Wannan ne ya sa za ka ga an haƙa nan an sami ruwa, an matsa kaɗan an haƙa an tashi a tutar babu. Sai ka nausa gabas maso arewa, wajen Gumel da Haɗeja, sa'an nan za ka shiga ƙasar da yashi da yumɓu suka yi kauri, wadda ta miƙe har tafkin Chadi.

Itatuwa ma shaida ne. Dubi gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani sa'ad da kome ya bushe. Saiwarsa ce ke nutsawa can ƙasa ta iske ruwan da ba mu gani. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Wannan ruwa, kamar ɗan'uwansa na ƙarƙashin ƙanƙara, tafiya yake yi, daga tudu zuwa kwari, daga inda ya yi yawa zuwa inda aka ɗebe. Guga na ɗibar kaɗan, rijiya ta huta da dare ta mayar. Inji kuwa in ya daɗe yana zuƙa, sai ruwan da ke kewaye da bututun ya lotsa kamar mazurari, bakin mazurarin ya yi ta faɗaɗa, har ya kai ga rijiyar maƙwabci. In tasa ba ta kai zurfi ba, sai ya wayi gari ruwa ya sauka ƙasa da gindinta. Ba kowace rijiya da ta ƙafe ce maƙwabci ya shanye ba. Ƙarancin damina na sa haka, rashin yasa ma na sawa. Amma yiwuwar abin tabbas ce, ba camfi ba ne.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, sa'ad da rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka faɗi. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka tashi haiƙan wajen gina madatsun ruwa, aka gama Tiga a 1974. A arewacin jihar akwai madatsar Tomas a wajen Dambatta, da Watari a Bagwai, da Gari a Kunci, da ta kogin Jakara a ƙasar Minjibir. Daga shekarun 1980 kuma ƙananan injunan ban-ruwa suka maye gurbin jigo a fadamu, rijiyoyin burtsatse suka yawaita a gari da ƙauye. Duk wannan alheri ne, ya rage wa mata da yara wahala, ya ba manoma aikin rani. Sai dai bakunan da ke zuƙa sun ninku, jama'a ta ninku, ajiyar kuwa ita ce dai ta jiya, kuma damina ce kaɗai ke zuba mata.

Hukuncin Shari'a

Musulunci bai bar wannan babi a buɗe ba. Za mu taƙaita shi cikin mas'aloli huɗu.

Ta farko, hana rarar ruwa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa wanda ke da rarar ruwa a kan hanya ya hana matafiyi cikin mutum uku da ke fuskantar fushin Allah ranar Alƙiyama. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hadisin da ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan tarayya. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bambanta rijiyar makiyaya ta daji da rijiyar da mutum ya haƙa a cikin mulkinsa. Ta farko, masu ita su ne kan gaba har su shayar, sa'an nan sauran mutane su shigo. Ta biyu, mai ita yana da ikon hanawa, amma in rijiyar maƙwabcinsa ta rushe alhali yana da shukar da ake tsoron ta mutu, to, ba shi da ikon hana shi abin da ya yi saura. Saboda haka sayar da ruwan da mutum ya kashe kuɗi ya fitar, ya sayi mai, ya biya ma'aikata, halal ne. Amma a toshe ƙofa ga mai ƙishirwa marar ko sisi, wannan shi ne rijiya ta ba da ruwa guga ya hana.

Ta biyu, hurumin rijiya. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa kowace rijiya tana da wani kewaye da ba a yarda wani ya shigo ya yi abin da zai cuce ta ba. Wasu mazhabobi sun ƙayyade shi da kamu, kamar 40. Imamu Malik kuwa, kamar yadda ya zo a Mudawwana, bai yanke masa adadi ba. Ya mayar da abin ga cutarwa, domin wata rijiyar a ƙasa mai taushi take, wata a mai tauri, wata a kan fā, kowace da gwargwadon abin da zai taɓa ruwanta. A nan ne kuma aka ce ana hana mutum haƙa rijiya, ko da a tsakiyar gidansa ne, in za ta janye ruwan ta maƙwabcinsa da ta riga ta, ko da yake malaman mazhaba sun yi saɓani a wasu rassan mas'alar, musamman in shi ma ba shi da makawa. Dubi wannan zurfin fahimta! Fiye da shekara 1,200 da suka wuce, ba na'ura ba tauraron ɗan Adam, malamanmu sun gane rijiyoyi a haɗe suke ta ƙasa. Wajen shekara 1,000 da suka wuce kuma wani masani Musulmi, Muhammadu Alkaraji, ya wallafa littafi sukutum a kan fitar da ɓoyayyen ruwa, ya yi bayanin alamomin gane shi, da haƙa magudanansa, da hukuncin huruminsa.

Ta uku, tsabtar ruwa. An hana yin bawali a ruwan da ke tsaye, an kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan yin bayan gida a mashayar jama'a. A Mudawwana an haɗa da wanda ya haƙa masai inda zai ɓata rijiyar maƙwabci, shi ma ana hana shi. A nan akwai abin kunya a gare mu. Rashawa sun sha suka daga masanan duniya domin sun cika raminsu da kananzir don kada ya toshe, aka ji tsoron ya gurɓata tafkin. Da Amurkawa suka zo huda wani tafki mai suna Wilans a watan Janairu na 2013, a zurfin mita 800, da ruwan zafi suka huda, wanda aka tace aka kashe ƙwayoyin da ke cikinsa, suka kuwa sami ƙananan halittu masu rai a cikin wannan duhu, tsarki ya tabbata ga Mai arzuta su. Ka ga mutanen da suka yi shekaru suna shiri don kada su ɓata ruwan da ba mai shansa. Mu kuwa, da aka ce mana tsarki rabin imani ne, sai mu haƙa shadda taku biyar daga rijiyar da 'ya'yanmu ke sha. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, kuma masai ya kasance ta gangare. Kada a ruɗu da cewa launi da ɗanɗano da ƙanshin ruwan ba su jirkita ba. Wannan ma'auni ne na ingancin alwala. Ƙwayar cutar amai da gudawa kuwa ba ta da launi, kuma ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, ta hau kanta. Haka nan dagwalon birni da na masana'antu da ke bin kogin Jakara, ba a kan ruwan sama kaɗai yake tsayawa ba, wani abu daga cikinsa na tsotsewa ƙasa.

Ta huɗu, almubazzaranci. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda, ya yi wanka da sa'i guda zuwa mudu biyar. Mudun Nabi kuwa bai cika lita ɗaya ba. To, ina wanda ke sakin famfon masallaci yana zuba har ya gama hira? Ina wanda tankinsa ke cika ya yi ta ambaliya a kwararo har gari ya waye? Ruwan nan da ke bin lungu, daga rijiyar wani aka rage shi.

Abin Da Ya Kamata Mu Yi

Wanda zai haƙa rijiyar burtsatse ya nemi masana su auna masa, ya dubi rijiyoyin da suka riga shi, ya shawarci maƙwabta da mai unguwa tun kafin mota ta iso. Gara unguwa ta haɗa kuɗi ta haƙa ɗaya mai kyau da kowane gida ya huda tasa. Masu noman rani su yi ban-ruwa da sanyin safiya ko da yamma, su ba shuka gwargwadon bukatarta. Kada a cike kududdufai da fadamu a yi gini a kansu barkatai, domin ta nan ne ruwan damina ke samun zama ya shiga ƙasa. A tsabtace su dai, a hana zuba shara. A bar gawo da ɗorawa da tsamiya a gonaki. A riƙa yasar tsofaffin rijiyoyi, a ɗaga bakinsu, a yi musu murfi. Limamai su sa wannan a huɗuba, hukuma kuma ta sa ido a kan masu haƙa, gama da ruwan ciki akan ja na rijiya, jama'ar da ba ta tattala na hannunta ba kuwa ba ta da abin da za ta ja da shi gobe.

Mai hali kuma ya tuna da Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, wanda ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita waƙafi, gugansa daidai da gugan kowane Musulmi. Ya tuna da Sa'adu ɗan Ubada, wanda aka shiryar da shi ga shayar da ruwa sa'ad da ya nemi sadakar da zai yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, ya haƙa rijiya da sunanta. Ya tuna da Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta kashe dukiya mai yawa ta jawo wa alhazai ruwa zuwa Makka da Arfa, har yau ana ambatonta da alheri.

Game da mutanen ƙauyen nan kuwa, ni ba alƙali ba ne, ban yanke hukunci ba. Shawarar da na bayar ita ce a kashe injin na 'yan kwanaki, a sa igiya a riƙa auna rijiyar safe da yamma a gaban shaidu. In ruwa ya taso, magana ta fito fili, sai a yi sulhu a kan sa'o'in da injin zai riƙa aiki. In bai taso ba, a wanke bawan Allah daga zargi, a haɗa hannu a yashe rijiya a ƙara mata zurfi. Ko ta wace fuska abin ya faɗa, na roƙe shi ya fito da famfo ɗaya waje saboda Allah, domin ruwan da ke fita ta bututunsa ya ratso ta ƙarƙashin gonakin mutane da yawa kafin ya iso gare shi, kuma ba shi ya saukar da shi ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana ajiyar da Ya yi mana a ƙasa, Ya sa mu cikin masu godiya da riƙon amana, Ya shayar da mu daga tafkin ManzonSa ranar ƙishirwa babba. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.